Na yi afdet ɗin rediyon ofis, na can ɗaya ɓangaren ya ɓace min

sabon_hannu:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masana ku taimaka min. Ina da rediyo biyu na waje da suke haɗa ofis da sito, tsakaninsu kamar kilomita 1.5, a 5GHz suke, na ofis shi ne AP, wato mai watsawa, na sito kuma shi ke kamawa, kyamarori huɗu da kwamfuta ɗaya duk a kansu suke. Shekara uku suna aiki ban taɓa sabunta famwayarsu, wato manhajar da ke cikinsu, ba. Jiya da daddare na ce bari in yi, na fara da na ofis tunda shi ne kusa da ni, ya gama ya tashi lafiya lau ina ma shiga shafinsa, amma na sito ƙememe ya ƙi dawowa, wajen da ake ganin wanda ya haɗu babu kowa. Na kashe na kunna ya fi sau biyar. Shin sai na hau sama na danna riset ne ko akwai dabara daga nan? Sannan tun kafin wannan ma gudun ya ragu, da ina samun mega 80 yanzu da ƙyar 25, sigina -74, dama abin da ya sa na yi tunanin afdet ɗin ke nan.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka kuskura ka taɓa riset ɗin nan tukuna, in ka danna ka goge setin da kake nema ke nan. Rediyon sito lafiyarsa ƙalau, yana can yana neman abokinsa a inda ya saba ganinsa, abokin ne ya canja wuri.

Kuskuren a jerin aikin yake, kullum na nesa ake fara yi wa afdet, sai ka ga ya dawo ya haɗu sannan ka yi na kusa, domin in ka fara da na kusa haɗin ya yanke, ba ka da hanyar shiga na nesa daga inda kake. Yanzu dai shiga na ofis ka duba abu uku. Na farko firikwensi, sau da yawa bayan afdet yana komawa oto ko jerin tashoshin ƙasar da aka zaɓa ya canja, shi kuwa na sito in wanda ya haɗa muku ya kulle shi a kan tasha ɗaya ba zai leƙa wata ba har abada. Na biyu faɗin tasha, in da a 20MHz kuke yanzu ya koma 40 ko 80 wasu tsofaffin ba sa bi. Na uku tsaro, ka tabbata WPA2 da AES ne kuma faswod ɗin bai goge ba. Kuma in tashar da ya hau ta DFS ce, wato irin wadda ake rabawa da na'urar rada, ka yi haƙuri kaɗan, sai ya saurari rada na minti ɗaya kafin ya fara watsawa, a wasu ƙasashen tashoshin 5600 zuwa 5650 har minti goma suke ɗauka, mutane da yawa a nan suke zaton ya mutu su yi ta kashewa suna kunnawa, lissafin kuma ya koma farko.

In duk ba su yi ba ka mayar da tsohuwar famwayar a na ofis ɗin. Ka ɗauki bakof kafin ka fara kuwa?

mai_eriya:
Ni dai shawarata abin da ke aiki a bar shi kawai, wa ya aike ka. Maganar gudu kuma ka ƙure fawa a duka biyun sigina zai hau, ni haka nake yi.

Tsohon_Injiniya:
A'a oga mai_eriya, a nan kam ban bi ka ba. Shekara uku ba afdet a na'urar da ke rataye a waje tana watsawa kowa na ji ba abin alfahari ba ne, ka tuna KRACK a 2017 da aka gano rauni a WPA2 kanta, ta hanyar afdet aka toshe shi. Fawa kuma kamar ɗaga murya ce, in akwai bango tsakaninku ihu ba zai rushe shi ba, sai dai ka cika wa maƙwabta kunne, ga shi kowace ƙasa da iyakar ƙarfin da ta yarda a watsa. A kilomita 1.5 da eriya mai fuskantar juna ya kamata a ce yana ganin -55 zuwa -60 ba tare da ya ƙure komai ba, wanda ke ganin -74 a wannan ɗan tazarar akwai abin da ya tsaya masa a hanya ko eriyar ta juya.

Maman_Netwok:
Ɗan'uwa sabon_hannu akwai bishiya a tsakaninku? Ina tambaya ne don mutane suna ɗauka in dai kana hango ɗaya rediyon da ido shi ke nan hanya ta buɗe, alhali siginar ba kamar zare take tafiya ba, tana kumbura a tsakiya kamar ƙwai, shi ake ce wa yankin Fresnel. A kilomita 1.5 kan 5.8GHz kumburin ya kai kusan mita 4.4 daga layin tsakiya zuwa ƙasa, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari ya zama fili, wato wajen mita 2.6 babu ganye babu rufin gini. Bishiyar da ba ta kai ba lokacin da aka haɗa, shekara uku ai ta girma, in ganyen ya jiƙe da ruwa kuma abin ya fi muni. Afdet ba ya sare bishiya.

Sai kebul, wannan shi ne mutane ba sa dubawa. Ka duba a shafin ko LAN na nuna 100 ko ya faɗo 10, in ruwa ya shiga kan RJ45 haka yake yi, kuma kar tsawonsa ya wuce mita 100. In za ka je siton da laftof ka shiga ta adaftar PoE, wato mai ba rediyon wuta ta kebul, daga ƙasa ba sai ka hau ba, ka ba laftof ɗin IP da hannu a layi ɗaya da rediyon. In har an yi riset to adireshin asali zai koma, na Ubiquiti 192.168.1.20, MikroTik 192.168.88.1, CPE na TP-Link 192.168.0.254. Don Allah kar ka musanya adafta, da yawansu 24V suke ci, ka soka musu mai 48V wanda ba ya tambaya kafin ya ba da wuta sai dai ka ji ƙauri.

sabon_hannu:
Alhamdulillah ya dawo!! Allah ya saka da alheri Injiniya, firikwensin ne wallahi, ya koma oto. Bakof kam ban ɗauka ba kunya ta ishe ni, sai dai na tuna akwai hoton setin da na taɓa ɗauka a waya, na ga 5745 na mayar, ko minti ɗaya ba a yi ba na sito ya bayyana. Nan take na sauke bakof na duka biyun sannan na yi masa nasa afdet ɗin, hannuna har rawa yake lokacin da yake ributin.

Hajiya maganarki gaskiya ce, akwai wata bishiya wajen tsakiya da yanzu kanta ya kusa daidai da layin, ba tamu ba ce balle in ce a rage ta. LAN dai 100 yake nunawa. In na ƙara tsawon fol ɗin ɓangare ɗaya kawai zai wadatar ko sai duka biyun?

Maman_Netwok:
Tunda a tsakiya take, in ka ɗaga gefe ɗaya mita 2 layin mita 1 kawai zai tashi a kanta, don haka gara duka biyun in da hali. Bayan ka ɗaga sai ka sake saiti, mutum ɗaya a sama yana juyawa a hankali kai kana kallon lambar, hagu da dama tukuna sannan sama da ƙasa, kuma ka duba ceen biyun, wato lambobin sigina biyu na eriyar, kar bambancinsu ya wuce 3 ko 4. Ka ɗaure fol ɗin da waya ta gefe uku don iska, ka sa masa at, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, ka turo mana lambar da ka samu.