Fankar Hilux ta ƙi tashi sai a lamba huɗu: abin da masu wayarin suka ce

Da hunturu ya kama, fankar hita ta Hilux ɗina ta daina aiki sai a lamba huɗu, wato gudunta na ƙarshe. Na kai maganar majalisar masu wayarin a wani gareji a Gusau, kusan duk bakinsu ya zo ɗaya: rizista ce ta ƙone, wato abin da ke rage wa fankar gudu a ƙananan lambobi. Lamba ta ƙarshe ba ta bi ta cikinta, shi ya sa ita kaɗai ta rage.

Rizistar tana bayan akwatin dashbod, ɓangaren fasinja, dab da fankar, sukuru biyu ke riƙe da ita. Sun ce a fara cire kan batir. In kuma fankar ta mutu gaba ɗaya, fiyus za a fara dubawa.

Wani dattijo ya ce min, "Alhaji, duba soket ɗin tukuna." Ai kuwa bakin soket ɗin ya narke, yana warin ƙonanniyar roba. A cewarsa, fankar da ƙura ta cushe tana jan wuta fiye da ƙima, ko sabuwar rizista aka sa za ta cinye ta. Shawararsa ta fi kwanta min.

Kan sabuwar rizista ko ta gwanjo kuwa, musu suka yi ta yi har aka kira la'asar.