Seshuwar na katako: me za mu kira shi da Hausa?

Kafinta, Mokoyo: Salamu alaikum. Ɗakin nan da ake rufe katako a hura masa iska mai ɗumi don ya bushe da wuri, masu Faransanci na ce masa seshuwar. Yaran shago sun fara cewa tanderu. Mu bar shi a haka?

Mai sayar da katako, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Maigida, tanderu kam a'a. Yaron da ya ji tanderu, wuta zai ƙara, kuma ita ke kashe katakon madaci da na kawo. Ɗanyen katako mai tauri a digiri 40 zuwa 45 ake fara shi, ɗakin cike da laima. In baya ya riga ciki bushewa, fuska ta tsage. In aka matsa masa zafi, ciki ya yi ramuka irin na saƙar zuma, ba ka gani sai ka yanka. Sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100 ake ɗaga zafin sannu-sannu har digiri 70. Me zai hana mu kira shi mashanya?

Malamin sana'a, Zariya: Alhaji, a bar wa mashanya aikinta, domin nan saurin yake farawa. Jera katako a rumfa mai inuwa tukuna, ba a rana ba, har danshi ya kai kashi 25. Lokacin hunturu a kare shi da buhu don iskar na tsaga shi. Tsakanin layi da layi a sa sanduna busassu masu kaurin santimita 2, tazarar santimita 40 zuwa 60, kowace daidai kan ta ƙasanta, in ba haka ba ya lanƙwashe. A shafe bakin katakon da fenti mai kauri. Kada a haɗa mai kauri da siriri a ɗaki guda, mai kaurin zai ja wa kowa jinkiri. Shi kuwa ɗakin, mu ce ɗakin busarwa kawai.

Kafinta, Mokoyo: Na karɓa, Malam. To tururin da ake saki a ƙarshe fa?

Malamin sana'a, Zariya: Sirace. Shi ke sassauta bayan da ya ƙeƙashe. Don gwaji, yanko guntu ka tsaga shi kamar cokali mai yatsu: in yatsun suka matse juna, a ƙara masa sirace kafin ya je zarto.