Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare

Ɗan Gangare: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar muka hau duwatsun Shere da ke kusa da Jos, muka taso ta wajen Lamingo tun da sanyin safiya. Ana tsakiyar hawa gwiwata ta ƙi, ruwana kuma ya ƙare. Wani ɗan Birom daga Bukuru, wanda ban taɓa gani ba, ya bar ayari ya dawo, muka raba gorarsa, ya riƙa jirana har muka kai sama. Da muka sauko na ce masa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na ajiye maganar a muhallinta?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka masa da alheri. Amma ƙanena, juriya wannan magana take yabo. Wanda ya ci gaba da cin gaya bayan miya ta ƙare, shi ne macin gaske. Ta fi dacewa da kai da ka daure da ciwon gwiwa, ba da shi ba.

Maman 'Yan Biyu: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Miyar tafiya ai ita ce raha da ɗaukar hoto da ciye-ciye a gindin dutse, lokacin kowa abokin kowa ne. Da daɗin ya ƙare, wa ya tsaya? Abota ma tana da gayanta, kuma bawan Allahn nan ya ci.

'Yar Rikkos: Ina bayan Mama. Ƙolin Shere ya kai wajen mita 1,829 daga doron teku, Jos kuwa wajen mita 1,200 take, hanyar duk rarrafe ce tsakanin manyan duwatsu. Ba a banza ake kai matasan Man O' War, ƙungiyar da ke koyar da juriya da shugabanci, horo can ba. Mai ƙarfi kowa so yake ya kai sama kafin rana ta buɗe. Wanda ya haƙura da wannan, har ya ba ka rabin ruwansa alhali babu shago a can, ba ƙaramin abu ya bayar ba.

Malamin Hausa: To, idan juriyar zama da mutum ake nufi, na sauko. Ta ɗauka.

Baban Yara: Ni ban sauko duka ba. Yini guda ne fa, ɗana, kuma an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Dutse ya nuna maka halinsa, saura naka. Zumunci a ƙafa yake, kada ka tsaya a gaisuwar WhatsApp.

Ɗan Gangare: Gaskiya ne Baba. Mun yi magana jiya, Lahadi bayan ya taso daga coci zan je Bukuru in gaida mahaifiyarsa.