Bayan maganin sankarar furostet: yaya kuke bibiyar gwajin PSA?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An cire mini furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta hanyar tiyata, kuma likita ya ce daga yanzu gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, shi ne zai fara nuna ko cutar ta dawo. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su faɗa mana abin da suka gani.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Bayan tiyata ana sa ran adadin PSA ɗin ya faɗi cikin 'yan makonni har na'ura ta kasa ganinsa. Nawa ya zauna haka shekaru, sannan ya fara hawa a hankali, da ya kai 0.2 aka maimaita gwajin, aka tabbatar, aka yi mini gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, a gurbin da aka yi aikin. Duk tsawon lokacin fitsarina lafiya lau, ko ciwon ƙugu ban ji ba, don haka kada jin daɗin jiki ya sa ka tsallake ranar asibiti.

Wanda aka yi wa gashi ba tare da tiyata ba: Baba, namu lissafin daban ne, domin furostet ɗin yana nan, adadin kuma ba ya komawa sifiri. Likitana yana duba mafi ƙanƙantar adadin da na taɓa samu, sai an haura shi da 2 ake zargin dawowar cutar. A shekara ta biyu nawa ya ɗan ɗaga, na kwana ban runtsa ba, ashe hakan yakan faru bayan gashi, ya kuwa sauka da kansa.

Matar wani majinyaci: Ni ƙannen maigidana nake ta bi su je a gwada su, saboda wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu, haɗarinsa yakan ninka kusan sau biyu, ga shi cutar ta fi kama baƙar fata da waɗanda suka haura 50. Da likita ya ji surukata ta yi sankarar mama, sai ya kawo maganar gwajin BRCA2, wata ƙwayar halittar gado da matsalarta ke ƙara haɗarin sankarar mama da ta furostet.

Wani dattijo: Gaskiyarki, Hajiya. Shi kuma mai tambaya ya riƙa gwaji a wuri ɗaya, yana rubuta kowane sakamako da kwanan watansa, domin saurin ninkuwar adadin likita ke dubawa kafin ya yanke shawara.