Batun addu'a na kawo ko gulma na yi?

Maman Biyu:
Salama 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci. Wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocinmu, ta same ni a gida ina tsintar shinkafa, ta zauna tana kuka wai maigidanta ya koma shan burkutu har ya taɓa kuɗin makarantar yara. Da muka taru ranar Talata sai na kawo shi cikin batun addu'a, ban kira suna ba fa, na dai ce "mai yara huɗu a bayan kasuwa", to kafin Lahadi magana ta kai kunnen uwar mijin. Yanzu 'yar'uwar nan ko gaisuwata ba ta amsawa a coci. Ni da niyya mai kyau na yi. Zunubi ne?

Dattijo Kagoro:
'Yata, ba zan ɓoye miki ba, kin yi kuskure. Mai yara huɗu a bayan kasuwa ai suna ne, su nawa ne a ikilisiyarku? Ki buɗe Yakubu sura 3 a Littafi Mai Tsarki, ya kwatanta harshe da linzami a bakin doki, da ɗan ƙaramin abin da ake juya katon jirgin ruwa da shi, da 'yar wuta da ke cinye jeji. Duk wanda ya ga gobarar daji lokacin hunturu ya san ashana ɗaya ta isa. Kuma Karin Magana 11:13 ta ce amintacce shi ke rufe asiri. Amana ta ba ki.

Sista Zonkwa:
Baba gaskiya ne amma a yi mata sassauci, dukanmu muna yi. Sau nawa a guruf ɗin WhatsApp za ka ga "mu sa wance a addu'a" sai bayani ya biyo baya kamar labaran rediyo, har da abin da likita ya faɗa, kowa na tura amin amma kunne ne ke cin abinci. Allah ai ya san sunanta da unguwarsu, cewa "wata tana cikin damuwa" ya wadatar.

Ɗan Mawaƙa:
Ni tambayata, to shiru za a yi mutum yana halaka gidansa? Ba kowane shiru ne hikima ba fa.

Dattijo Kagoro:
Ɗana ba shiru na ce ba. Matiyu 18:15 zuwa 17 ta shimfiɗa hanya, a fara samunsa shi kaɗai, in ya ƙi a je da mutum ɗaya ko biyu, ikilisiya ce ƙarshe. Da izinin matar aka nema aka je wurin fasto, da ba a kai nan ba. Maman Biyu, ki je gidanta da ƙafarki, ban da waya, kuma kada ki ce "in na ɓata miki rai". Ki ce na tona asirinki, ki yafe mini.

Maman Biyu:
Na gode Baba, maganar ta yi zafi amma na ji. Gobe da sassafe zan je kafin ta fita kasuwa. In ta ƙi buɗe ƙofa fa?