Taƙaitawa: koya wa ɗaliban jinya nazarin ciwon numfashi

Abin da malaman jinya a Gombe suka haɗu a kai:

1. Ɗalibi ya ƙirga numfashi cikakken minti, ban da kintace. Babba mai lafiya, numfashi 12 zuwa 20 a minti. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, daga 40 ya yi sauri.
2. Yatsa mai sanyi, musamman da hunturu, yana rikita na'urar auna oksijin. A ɗumama shi tukuna.
3. Mai asma da ke haki amma ƙirjinsa ya yi tsit, ba sauƙi ya samu ba, iska ce ta kasa shiga. Nan ɗalibai suka fi ruɗewa, kuma kuskuren yana iya cin rai.
4. Tarin mako 2, a kai kaki gwajin tibi.

An rabu kan inda za a fara koyarwar: wasu sun ce aji, wasu bakin gadon majinyaci. Na fi karkata ga bakin gado.