Stratos ɗina ta daɗe a ajiye: in kankare fentin in ƙarasa, ko in sayi sabon kwali?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa komawa kan aikin haɗa ƙaramar motar ado, wadda ake sayen sassanta a kwali a haɗa da hannu, bayan ya daɗe a ajiye. Tawa Lancia Stratos ce ta roba a ma'aunin 1:24 (wato tsawonta kashi ɗaya cikin 24 na motar gaske), motar da ta ciyo wa Lancia kambun rali na duniya a 1974 da 1975 da 1976, kuma kwalin nawa na adon Alitalia ne, tsohon kamfanin jiragen saman Italiya, fari da kore da ja. Na gama kujeru da ƙarfen kariya da ƙasan motar, na fesa wa bodin farin fentin inamel na gwangwani, sannan hidimar aiki ta sha kaina, sai ga shi ta haura shekara goma a cikin kwali. Da na buɗe, na tarar farin ya koma ruwan ɗorawa, salatif ɗin da na liƙa a gefen gilashi ya bar danƙo, sitikun ruwa, waɗanda ake jiƙawa kafin a liƙa su, sun yi rawaya, kuma bakin wili biyu ya yi laushi a inda taya ta zauna a kansa. Ba ni da injin feshi, da gwangwani kawai nake aiki, kuma ba ni da niyyar sayen injin a yanzu. Abin da nake so in sani shi ne: in kankare fentin in ƙarasa wannan, ko in sayi sabon kwali in ɗora sabon bodi a kan cikin da na riga na gama, ko kuwa in sayar da ita yadda take?

Auwalu:
Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka sayi injin feshi, domin fentin gwangwani yana zuba da yawa, yana cike ƙananan layukan ƙofa da na bonet, kuma a wannan ma'auni kaurin fenti kaɗan yana ɓata kamannin mota baki ɗaya. Tun da na koma injin feshi ban sake waiwayar gwangwani ba.

Malam Habu:
Na gode, ɗan'uwa, amma na riga na faɗa cewa injin ba ya cikin lissafina. Tambayata a kan bodin da ke hannuna ce.

Baba Tanko:
Malam Habu, kada ka sayar, domin babu mai sayen kwalin da aka fara da daraja. Ka tsoma bodin a cikin man birki ya kwana, da safe ka goge da tsohon buroshin haƙori, fentin zai saɓule. Haka nake yi tun a shekarun 1980, kuma motocin suna nan a kan kantata. Sitikun kuma ka sa su a leda mai haske ka liƙa a jikin gilashin taga ta ciki, inda rana take bugawa, bayan 'yan makonni rawayar za ta ragu ƙwarai. Kafin ka jiƙa babba, ka yanki wata ƙarama wadda ba ka buƙata ka gwada ta a ruwa mai ɗumi. Idan ta sulluɓe daga takardar a dunƙule, sauran ma za su yi. Idan ta farfashe, sai ka shafe takardar duka da ruwan da kamfanin Microscale suke yi don riƙe tsofaffin sitika, ka bari ya bushe, ka yanka kowace a kan iyakarta.

Malama Rabi:
Baba, shawararka ta sitika daidai take, amma ina da ja a kan man birki. Robar da ake zuba waɗannan motoci da ita folistirin ce, kuma man birki yakan sa ta yi gautsi idan ta daɗe a cikinsa. Ginshiƙan gilashin gaban Stratos sirara ne ƙwarai, su ne za su fara karyewa. Tunda fentin inamel ne, maganin wanke tanda mai soda ya fi aminci: a fesa wa bodin, a rufe shi a leda, a sa safar hannu da tabarau, washegari a wanke da ruwa da sabulu. Soda tana cin fentin mai amma ba ta taɓa wannan robar. Komawar farin zuwa ruwan ɗorawa kuwa halin inamel ne, man da ke cikinsa yakan rine da tsufa, musamman a cikin duhun kwali, don haka gogewa da sanfefa ba za ta dawo da shi fari tas ba. Shi kuma laushin wili daga tayar yake: ana zuba wa robar taya sinadarin da ke tausasa ta, wanda a hankali yake ratsawa cikin wilin ya narkar da shi. Wilin da ya yi laushi ba ya komawa daidai. Ka cire sauran tayoyin yau ɗin nan, ka ware su a wata leda dabam, kada su taɓa gilashi ko takardar sitika.

Alhaji Isiyaku:
Ku yi mini haƙuri, amma wanda kayansa suke cikakke a cikin kwali ɗaya bai san baƙin cikin aikin da bai ƙare ba. Ni na shiga irin haɗin nan na biyan kuɗi kashi-kashi, wanda ake aiko wa mutum da 'yan sassa tare da mujalla, babbar mota a ma'aunin 1:8, mai bodin ƙarfe da fitilu masu kamawa da ƙofofi masu buɗewa. Na ɗaure inji da sukuru ɗaya bayan ɗaya, na ja wayoyin fulogi, na haɗa sitiyari har yana juya ƙafafun gaba, na ɗora kujeru. Duk wata ina biya ba tare da fashi ba. Ana saura kaɗan a kai ƙarshe sai kaya suka daina zuwa. Na rubuta musu, aka ce in ƙara haƙuri. Na sake rubutawa, ba a amsa ba. Daga baya na ji cewa kamfanin ya durƙushe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka tsara jerin kayan: manyan sassan bodi da gilashin gaba da wayar da ke haɗa fitilu da batir duk suna cikin kashin ƙarshe. Yanzu ina da ƙashin mota mai tsawon fiye da rabin mita, mai nauyi, wanda ba shi da rufi, ba ya shiga kowane akwatin gilashi da nake da shi, kuma ƙura tana shiga cikin injin da na kwashe dare da rana ina ɗaurawa. Jimillar abin da na biya ta ishe ni sayen kwalaye masu yawa irin na Malam Habu. Iyalina sun daina tambayata yaushe zan gama, kuma ni ma na daina buɗe ɗakin.

Auwalu:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Shin ka nemi kason da suka rage a wurin masu sayar da na hannu? Na ga ana samun su.

Alhaji Isiyaku:
Na nema. Kason farko suna nan birjik, kusan kyauta, domin mutane da yawa sukan fara su bari. Na ƙarshe ne babu, kuma wanda na samu ɗaya mai ɗauke da gilashin gaba ya sa masa kuɗi ninki goma na asali.

Ɗanladi:
Alhaji, wannan bai yi daidai da abin da na gani ba. Wani abokina ya cike nasa da kuɗin da bai wuce ninki biyu ba, saboda ya sayi aikin wani da aka watsar gaba ɗaya, ya ɗebi abin da yake so, ya sayar da ragowar. Wanda ya nemi kashi ɗaya tak shi ake tsawwala wa.

Alhaji Isiyaku:
Wanda ya watsar da aiki a tsakiya ba shi da kashin ƙarshe, Ɗanladi, to me zan ɗeba a wurinsa? Motar abokinka ta kai ƙarshe a hannun kamfanin, tawa kuwa 'yan kaɗan ne suka karɓi ƙarshenta.

Malam Habu:
Alhaji, na tausaya maka ƙwarai. Da izininku zan dawo da maganar kan Stratos: idan sitikun suka farfashe, nawa sababbi suke kamawa idan aka kwatanta da sabon kwali?

Baba Tanko:
Takardar sitika ta masu buga su dabam ba ta wuce sulusin kuɗin kwali ba.

Malama Rabi:
Ni da na sayi ta wata motar rali, ta zo daidai da kuɗin sabon kwali, kuma da aka haɗa da kuɗin aikowa ta zarce shi. Idan aka ƙara da wili biyu da suka lalace, lissafin ya karkata ga sabon kwali, domin a ciki za ka samu bodi mai tsabta da gilashi da wili da sitika sababbi, sannan tsohon bodin ya zama wurin gwada fenti.

Ɗanladi:
Kamfanin Lancia ya ƙera Stratos na gaske kusan 500 a lokacin da bai kai wanda Malam Habu ya ɗauka a kan guda ɗaya mai tsawon ƙasa da santimita 16 ba. Idan aka ba shi sabon kwali, sai mu sa jikokinmu su zo su duba sakamako.

Baba Tanko:
Ɗanladi, mutum ya zo da tambaya ta gaskiya, ka bar wasa. Ke kuma Malama, ina girmama iliminki, amma ina so in san motoci nawa kika kankare da hannunki. Abin da ke cikin littafi dabam, abin da ke kan teburin aiki dabam. Ban taɓa karya ginshiƙi da man birki ba, kuma shawarar sayen sabon kwali ita ce hanyar da mutum yake wayar gari da kwalaye biyu da ba a gama ba maimakon ɗaya.

Malama Rabi:
Baba, ban kai ka yawan motoci ba, kuma ban yi da'awar haka ba. Amma rashin karyewar naka ba ya nuna cewa na kowa ba zai karye ba, domin robar kamfanoni ta bambanta, kuma ta tsohon kwali ta riga ta bushe. Na ga bodi ya tsage a hannuna bayan kwana biyu a man birki, shi ya sa nake gargaɗi. Idan akwai hanya biyu da suke cire fenti ɗaya, ɗaya tana da haɗari ga robar ɗaya ba ta da shi, ban ga dalilin zaɓar ta farko ba.

Auwalu:
A ganina wanda ya kamata a saurara shi ne wanda ya taɓa ƙarasa aikin da ya daɗe a ajiye, ko da guda ɗaya ne. Ni na ƙarasa wata Porsche 935 bayan shekaru, kuma abin da ya taimake ni shi ne na rage buri. Na ajiye ƙananan sassan ƙarfe da wayoyin da na saya don ƙarin ado, na haɗa abin da ke cikin kwali kawai. Yawancin ayyukanmu a wurin fentin bodi suke tsayawa, saboda mutum yana tsoron ɓata abin da ido zai fara gani. Malam, ko wanne ka zaɓa, ka kula kada ka fesa fenti mai zafin tina a kan inamel, zai yamutse shi nan take, kuma kada ka liƙa gilashi da gam mai saurin kamawa, tururinsa yana sa gilashi ya yi hazo. Farin gam na kafintoci ya isa.

Alhaji Isiyaku:
Masu cewa a sayi sabon kwali su faɗa masa gaskiya cewa sabon kwali ba lallai ne ya zama sabuwar mota ba. Bayan abin da ya same ni na koma ƙananan motoci, na sayi wata mai kyakkyawan zane a marfi, da na buɗe sai na ga ƙarfen zubin, wato wanda ake zuba roba a ciki a fitar da sassan, tsoho ne ƙwarai: kowane sashe yana da tunkuɗar roba a gefe, bonet ba ya zama daidai, gilashin yana da kauri kamar gindin kwalba. Shekarar da aka sassaƙa a ƙasan motar ta girmi ta jikin kwalin da shekaru masu yawa, kuma babu inda aka rubuta haka a waje.

Baba Tanko:
Wannan kam gaskiya ne, Alhaji. Ƙarfen zubi yana da tsada, shi ya sa ake ta sake zuba roba a cikinsa har ya gaji, wani lokaci ma ya bar hannun wani kamfani ya koma hannun wani, a canza suna a marfi kawai. Ni abin da ya fi damuna shi ne sassan da ake rufewa da ƙyallin azurfa tun daga masana'anta. Gam ba ya kama su sai an kankare wurin, kuma inda aka yanke su daga reshen roba yana barin tabo a bayyane a kan bamba.

Malama Rabi:
Bilic yana cire wannan ƙyallin cikin ɗan lokaci, sai a goge layin zubin a sake fentawa. Amma ya kamata a ce kamfanoni suna rubuta shekarar zubi ta asali a jikin kwali, yadda mai saye zai san abin da yake biya.

Ɗanladi:
Shafin intanet na Scalemates yana nuna tarihin kusan kowane kwali, da shekarar da aka fara zuba shi da duk hannun da ya bi. Wanda ya duba kafin ya saya ba zai sha mamaki ba.

Alhaji Isiyaku:
Ba aikin mai saye ba ne ya yi bincike kafin ya san ko abin da ke cikin kwali ya yi daidai da hoton marfi. Wanda ya karɓi kuɗi shi ya kamata ya faɗa.

Malam Habu:
Na cire tayoyin kamar yadda Malama ta ce, na kuma gwada ƙaramar sitika ɗaya a ruwan ɗumi. Ta rabu gida uku. Baba, shin ruwan Microscale ɗin yana riƙe manyan layukan kore da ja da suke lanƙwasa a kan gefen motar, ko ƙananan tambura kaɗai yake ceto? Kuma danƙon salatif ɗin da ke kan gilashin har yanzu babu wanda ya ce mini komai a kansa.